Yatsan da Bature Bai Gani Ba

Zuwa ga mai girma Bature mai binciken asali da al'adun mutane, wanda jama'ar ƙasar Dutse suka laƙaba wa suna Tambayau, a babban ofishin da aka ce yanzu yana zaune.

Daga tsohon tafintanka, Malam Idrisu na Limawa.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma ciwon cikin nan da yake taso maka duk ranar da ka sha nono ya rabu da kai. Allah ya ƙara girma.

Bayan haka, ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da wannan takarda ta zo maka a buɗe. Sau biyu ina rubuto maka a rufe. Ta farko shiru. Ta biyu akawunka ne ya amsa da layi biyu, wai littafi an riga an buga shi, kuma maganar gado ta alƙali ce. Na je wurin alƙali, ya ce ta Joji ce, Baturen mulkin ƙasarmu. Na je wurin Joji, ya ce ta littafi ce. Littafi kuwa ba shi da baki, kai ne bakinsa. Don haka na rubuta wannan takarda guda huɗu, biyu da boko, biyu da ajami. Ɗaya taka, ɗaya ta Joji, ɗaya za a karanta a ƙofar masallaci a Dutse bayan an idar da Juma'a, ɗaya kuma a kasuwar Kiyawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da nake nema ba shi da yawa: suna ɗaya a shafi ɗaya. In takardarka ba ta iso kafin ruwan shuka ba, za a raba gonar mahaifina ba da ni ba, kuma zan zama mutumin da hukuma ta ce ba shi da uba.

Na ɗaya. Bari in tuna maka yadda muka soma, don manya suna da yawan mantuwa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ka sauka a barikin Dutse da akwati biyu da wani doki mai miki a baya. Ba ka da ko gemu. Hausarka ba ta wuce "sannu" da "mene ne wannan" ba, kuma da ta biyun ka samu sunanka. Aka nemo ni saboda na taɓa aiki da masu awon ƙasa, na tsinci boko da ɗan Turanci a wurinsu. Ka ɗauke ni a kan sule ashirin a wata, kuma ina shaida maka a gaban jama'a cewa ka biya ni har kwabon ƙarshe. Ba bashi na zo bi ba.

Kai ka gaya mini da bakinka, wata la'asar a gindin tsamiyar bariki, cewa a ƙasarku akwai babbar makaranta inda mutum zai yi shekara uku ba ya karanta komai sai halayen mutane: yadda suke aure, yadda suke gado, yadda suke binne mamatansu. Na yi mamaki ƙwarai, don a nan kowace tsohuwa ta san wannan ba tare da an biya malami ba. Na tambaye ka ina abokan karatunka. Ka ce ɗaya yana wani gida da ake tara tukwane da masu na mutanen da, yana goge su. Ɗaya yana koyarwa, amma albashinsa bai isa ya yi aure ba. Ɗaya ya shiga kamfanin masu sayen fata, an ɗauke shi don ya iya zama da mutane. Sauran kuwa suna gida, karatun bai ba su komai ba. Sannan ka ce, "Idrisu, wannan ilimi ba ya ciyar da mai shi sai ya rubuta littafi." Ban manta ba, domin a ranar na tausaya maka. Na ce a raina, ashe malamin Turawa ma yana kwana da yunwa kamar namu.

Wata goma sha huɗu muka yi muna yawo daga gari zuwa gari, kai a kan doki, ni a ƙasa. Kowane gida sai a kira maigida a zaure, ya faɗi ubansa da kakansa da 'ya'yansa, ni in juya, kai ka rubuta. A ƙarshen kowane shafi kakan miƙo mini alƙalami in sa hannu da ajami cewa abin da aka faɗa ke nan.

Na biyu. Akwai abin da ba ka taɓa tambayata ba, kai da ka tambayi sunan kowace ciyawa a hanyar Kiyawa. Ba ka tambaye ni ɗan wane ne ni ba.

Ka gan ni a Limawa, a gidan Malam Tanko mai makarantar allo, ka ji ana ce mini Idrisu na Malam Tanko, ka ɗauka shi ne ubana. Kawuna ne, yayan mahaifiyata. Ni an haife ni a Rijiyar Ɗinya, ƙauyen da ke bakin fadama gabas da Kiyawa, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. A wajenmu ɗan fari ba na iyayensa ba ne a idon mutane. Ana yaye ni aka kawo ni wurin kawu, kamar yadda aka yi wa mahaifina, kamar yadda aka yi wa kakana. Mahaifiyata ta rasu ina ɗan shekara huɗu. Mahaifina ya ƙara aure, ya haifi maza uku: Sale, Ɗanjuma da Isiyaku.

Tun da na yi wayo har ya koma ga Allah, mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa duban tsabar idona ba. In zancena ya kama dole, sai ya ce "wancan na Limawa". Kada ka ɗauka ƙi ne. Kowace kaka dami goma na gero sukan iso gidan kawu a kan jakuna, ba saƙo, ba gaisuwa. Ranar da na sauke Alƙur'ani bai zo ba, amma ragon da aka yanka daga garkensa ya fito, kuma shi ne mafi girma a ciki. Alkunya ke nan. Uba yakan ɓoye son ɗan farinsa don kada a ce ba shi da ta ido, ɗa kuma ya taya shi ɓoyewa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san haka.

Na uku. Ranar da muka shiga Rijiyar Ɗinya.

Da hantsi ne, bayan an gama yankan dawa. Tun a hanya nake jan ƙafa, har ka tambaye ni ko zazzaɓi nake. Gida na uku da muka shiga shi ne namu. Mahaifina yana zaune a kan buzu, dattawa biyu a gefensa, Baba Maikano da marigayi Baba Jatau. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban bango. Kai ka ɗauka girman kai ne na tsofaffi, har ka yi mini raɗa cewa wannan zai ba mu wuya.

Ka ce in tambaye shi 'ya'yansa maza. Na tambaya, kaina a ƙasa. Tsohon ya ɗaga hannun hagu. Ya lanƙwasa ƙaramin yatsa, bai ce komai ba. Ya ɗan dakata. Sannan ya lanƙwasa na biyu ya ce Sale, na uku ya ce Ɗanjuma, na huɗu ya ce Isiyaku. Ya bar hannun a sama da yatsu huɗu a lanƙwashe, har sai da ya tabbata kowa ya gani. Baba Maikano ya gani, ya gyaɗa kai. Baba Jatau ya gani, ya dube ni ya yi murmushi. Ni ma na gani, kuma ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba, don a nan ne kaɗai mahaifina ya taɓa ƙirga ni a gabana.

Kai kuwa, ranka ya daɗe, idonka yana kan takarda. Ka yi shekara uku kana koyon kallon mutane, ka hau jirgin ruwa ka zo har Rijiyar Ɗinya don ka kalle su, amma a daidai lokacin da ya kamata ka ɗaga kai, kana gyaran bakin alƙalami. Ka ce, "Uku?" Na juya wa tsohon tambayar. Ya ce, "Abin da Allah ya bayar ke nan," ya sauke hannunsa. Ka rubuta uku. Ka miƙo mini alƙalami, na sa hannu.

Na huɗu. Laifina, don kada a ce na ɗora maka duka.

Na san za ka ce me ya hana ni magana. Wannan tambaya ita ce take hana ni cin abinci yanzu. Amma ka duba: a zauren ubana, a gaban abokansa, in buɗe baki in ce "da ni"? Ɗan da ya yi haka ya tsiraita ubansa. Da na faɗa, da labarin ya riga mu isa Kiyawa, a ce zama da Nasara ya cire wa ɗan Limawa kunya.

To, bayan mun fito fa? Nan ne ba ni da abin kare kaina. Wata uku bayan haka, a wata ruga kusa da Dutse, wata Bafillatana ta ƙi faɗin sunan babban ɗanta, ka rasa dalili. Ni na zaunar da kai na yi maka bayanin kunyar ɗan fari daga tushe har reshe. Ka yi ta murna kamar wanda ya tsinci dami a kala. Ka cika shafi shida. An ce mini wannan babi shi ne malamanku na can suka fi yabawa a littafin. A ranar, maganar ta zo har bakina, in ce maka mu koma shafin Rijiyar Ɗinya, amma na haɗiye. Na ga kamar in na faɗa, na kai ƙarar ubana ke nan wurin baƙo. Kuma, in faɗi gaskiya, na raina takardar. Na ɗauka tatsuniya kake tarawa ka kai wa mutanenku su sha dariya lokacin sanyi. Ban san alƙalai za su riƙa buɗe ta ba.

Kai ma da ka ji wannan al'ada, ba ka ce a ranka, gidaje nawa na wuce waɗanda aka yi mini haka ba. Ka rubuta cewa uba ba ya faɗin ɗan farinsa, sannan ka bar shafukan da uba ya faɗi 'ya'yansa yadda suke, duk a cikin bango ɗaya. Ni ban je babbar makaranta ba, amma ko a makarantar allo in ɗalibi ya gane kuskure a ƙasan allo, yakan koma sama ya duba.

Na biyar. Abin da shafin ya jawo.

Mahaifina ya rasu bara da kaka. Na je, na yi masa wanka da hannuna, ni na shiga kabari na karɓe shi, kuma ba wanda ya ce mini kai wane ne. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Ba wata dukiya ba ce: gida, awaki kaɗan, da gonar fadama wadda ita ce take riƙe da gidan tun zamanin kakanmu. Ni kuwa ina bukatarta. Tun da ka tafi ba a sake neman tafinta a nan ba, an samu yaran da suka yi makarantar boko. Kawu ya rasu, makarantarsa ta koma hannun 'ya'yansa. Ɗinkin hula nake yi, idona kuma ya soma gajiya.

Sale ne ya fara. Bai ce ni ba ɗan gidan ba ne, bakinsa ba zai iya ba. Cewa ya yi, "Mu dai ba mu ce komai ba, a duba littafin Bature." Wani masinja da yake auren ƙanwar matarsa ne ya gaya masa akwai irin wannan littafi a ofishin Joji. Muka je gaban alƙali. Baba Maikano ya zo a kan jaki, da ƙyar yake numfashi, ya ɗaga hannunsa ya nuna wa alƙali yadda aka lanƙwasa yatsun nan. Goggo Hansai, ƙanwar mahaifina, wadda ta makance, ta sa aka jawo ta. Ta ce, "Ni na yanke masa cibi. In Idrisu ba ɗan yayana ba ne, to ni ma ba 'yar ubana ba ce." Alƙali ya gamsu, ya ba ni rabona.

Sai Sale ya kai maganar gaban Joji. Jojin yanzu yaro ne sabon zuwa, mai ladabi, kuma ya gaya mini cewa littafinka aka ba shi ya karanta a jirgi don ya san mutanen da zai mulka. Ya buɗe shafin, ya karanta sunaye uku. Ya nuna ƙasan shafin ya ce, "Wannan hannun wane ne?" Na ce nawa ne. Ya ce, "To kai ka shaida uku ne, yanzu kuma ka ce huɗu. Wanne Idrisu zan gaskata?" Na ce ya buɗe babin kunyar ɗan fari, a littafin nan da ke hannunsa. Ya buɗe, ya karanta. Sannan ya ce wannan bayani ne na al'ada gaba ɗaya, wancan kuwa shaida ce a kan gida ɗaya, kuma shi ba zai gyara aikin wanda ya fi shi girma ba. Ya dakatar da hukuncin alƙali. Ya ce in mai littafin ya rubuto da hannunsa cewa akwai kuskure, shi ke nan. In kuwa ruwan shuka ya sauka ba takarda, gona ba za ta zauna ba shuka ba, a raba ta uku. Alƙali ya san gaskiya, amma rawaninsa a hannun Joji yake, sai ya sunkuyar da kai.

Da a kan gona maganar ta tsaya, da wataƙila na haƙura. Amma mutane ba sa barin tambaya a buɗe. In ba ɗan gidan ba ne, to ɗan wane ne? An fara taɓa mahaifiyata a kabarinta, matar da ta bar duniya ba ta cika ashirin da biyar ba. A bakin rijiya aka gaya wa matata magana a kaikaice, ta dawo da tulu babu ruwa. Makon jiya liman ya yi tafiya, aka ce in ja sallar azahar kamar yadda na saba, sai wani daga sahun baya ya yi gyaran murya, wani dabam ya shige gaba. Na bi su sallar, amma Allah ya sani ban san abin da na karanta ba. Isiyaku, autanmu, in ya hango ni a kasuwa sai ya sauya hanya. Ba ƙi ba ne, kunya ce take cinsa, amma kunyar da ba ta buɗe baki ba na ga abin da take haifarwa.

Na shida. Ba hassada nake ba, amma bari mu dubi inda littafin nan ya kai kowa.

Labarinka yana iso mana ta bakin masinjoji da fatake. Bayan ka bar Dutse aka ba ka mataimakin Joji. Littafin ya fito, aka ba ka Joji. Daga nan aka kira ka babban ofis, inda in an rasa yadda za a yi da wata ƙabila kai ake tambaya. Tsohon kukunka da ya dawo gida ya ce abin da ake ba ka a wata guda yanzu ya fi abin da na karɓa a duk zamanmu. Yanzu kuma an ce wannan bazarar za ka koma ƙasarku, makarantar nan da ta koyar da kai ta ba ka kujera, ga fansho a gefe. Ashe ka yi gaskiya a gindin tsamiya, ilimin ya ciyar da mai shi. Allah ya sa albarka. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi, wannan ba sabon abu ba ne a duniya, kuma ban yi kuka da shi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne littafin da ya ba ka kujera ya raba ni da ubana.

Ina jin tsoro kuma. In ka hau jirgi, ba sauran mai gyara wannan shafi har abada. Za ka tsaya gaban samari kana koya musu yadda ake sanin mutane, su fito su bazu cikin ƙasashe da akwatunansu, kowane idonsa a kan takarda.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka rubuto wa Joji da hannunka, ba da hannun akawu ba, cewa a shafin Rijiyar Ɗinya, gida na uku, gidan Malam Hamidu, akwai suna ɗaya da ya kamata ya zo kafin Sale, shi ne Idrisu. Layi ɗaya ya isa. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, manoma sun gama sharar gona.

Ka sa a bi sauran shafukan. Mun shiga gidaje da yawa, kuma a yawancinsu akwai ɗan fari. Ban san nawa ne suke cikin halin da nake ciki ba, su kuma ba su iya rubutu ba. In ana neman mai rakiya, ƙafata tana nan, ba na son ko sisi.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin cin fuska. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na ci gishirinka, ka sha ruwan gidanmu, kuma ban taɓa ganin ka zalunci kowa da gangan ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi mini nauyi a duk takardar nan. Ni ma ina da ɗan fari. Yana wurin kawunsa a Kiyawa tun yaye, yanzu magidanci ne, yana saƙa. Shekara ashirin da uku ban kira sunansa ba, ban ci abinci kwano ɗaya da shi ba. Na san zai kasance a kasuwa ranar da za a karanta wannan, kuma na san zai so ƙasa ta tsage ya shige. Dattawa za su ce Idrisu ya zubar da girmansa, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma zamanin takarda ya zo, takarda kuwa ba ta ƙirga abin da ba a faɗa ba, kuma ba zan bari a yi masa abin da aka yi mini ba. Don haka jama'ar Dutse da Kiyawa ku shaida, Joji ya shaida, kai ma ka ɗaga kai wannan karon ka shaida: ina da 'ya'ya maza uku, kuma na farinsu sunansa Abdullahi. Ɗana ne, na cikina. Abdullahi, ka yafe mini.

Allah ya ja zamaninka, ya kai ka gida lafiya, ya raya maka zuriya. Allah ya sa 'ya'yanka su san ubansu ba tare da an nemi shaida ba. Allah ya jiƙan mahaifina da mahaifiyata, ya shiryi 'yan'uwana, ya ba mu damina mai albarka ko da gonar ba ta zo hannuna ba.

Wassalam.

Ni ne tsohon tafintanka,
Idrisu ɗan Malam Hamidu na Rijiyar Ɗinya,
mazaunin Limawa, Dutse.